Rawar Injin Tirela da Hawa da Saukarsa: Tartibin Gano Sababi

  



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta yau, babu wani a wannan taro na ƙungiyar kanikawa da bai taɓa cin karo da ita ba: tirela tana tsaye, an tayar da inji an bar shi a silo, sai ka ga yana karkarwa, madubi na rawa, sandar giya na kaɗawa, ko kuwa, ba tare da kowa ya taka totur ba, ka ji ƙararsa tana hawa tana sauka, allurar da ke nuna juyin inji tana kai da komowa. Abin da nake so in tabbatar a gabanku, da dalilai gwargwadon iko, shi ne cewa binciken wannan ciwo yana da tartibi, kuma duk wanda ya kiyaye tartibin, ya fara da mafi sauƙi da araha kafin ya isa ga mafi wuya da tsada, galibi zai gano sababi tun bai kwance abin da bai cancanci kwancewa ba. Na faɗi haka ne saboda al'adar da ta yi rinjaye a garejojinmu, wato da zarar inji ya yi rawa sai a ce famfon injekta ne, a sauke shi a kai wa mai saiti, a biya kuɗi masu kauri, a dawo a ɗaura, rawa kuwa tana nan inda aka bar ta. Alƙalin ƙwarai ba ya ɗaure mutum don kawai shi aka saba tuhuma, sai ya saurari shaidu tukuna. To, famfon nan ma yana da haƙƙin a saurari shaidu kafin a yanke masa hukunci.

Muƙaddima

Wajibi ne mu tuna da asalin yadda injin gas yake aiki, domin wanda bai san lafiya ba yaya zai gane ciwo? Injin nan yana ɗauke da sunan Rudolf Diesel, injiniyan Jamus da ya yi nasarar tayar da shi yadda ya kamata a shekarar 1897 a birnin Augsburg, a masana'antar da daga baya ta zama kamfanin MAN, wanda motocinsa ke bin hanyar Legas zuwa Kano har gobe. Abin da ya bambanta shi da injin fetur shi ne ba shi da fulogi: fistin ne yake matse iska tsantsa, kimanin ninki 16 zuwa 18 a manyan motoci, har zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya feso mai a cikinta ya kama da kansa. Sharuɗɗan kamawar wuta ke nan guda uku, iska matsattsiya mai zafi, da mai tsarkakakke wanda aka fesa shi lugui-lugui, da dacewar lokaci. Idan ɗaya ya tauye, aiki ya tauye.

Akwai kuma lissafin da nake so yaranmu masu koyon sana'a su riƙe. Babban inji mai silinda shida yakan yi silo a wajen juyi 600 zuwa 700 a minti. Tun da kowane silinda yana kama wuta sau ɗaya ne cikin juyi biyu, to a juyi 600 kowannensu zai kama sau 300 a minti, su shida kuwa 1,800, wato sau 30 a daƙiƙa guda, bisa jerin da kuka sani, 1-5-3-6-2-4. Man da ake fesawa a kowane bugu a lokacin silo ɗan mitsitsi ne ƙwarai idan aka gwada shi da na lokacin hawan tudu da lodi; shi ya sa ɗan bambancin da ba za a ji shi ba a kan hanya, a silo yake tonuwa.

Na ɗaya: a rarrabe ciwon biyu

Rawa daban, hawa da sauka daban, ko da yake sukan haɗu a mota guda har su rikita mai bincike. Idan allurar juyi tana nan daram a wurinta amma jikin inji yana karkarwa, kana kuma jin wani gurbi a cikin bugunsa, wanda muke cewa yana misin, to zato mafi rinjaye shi ne silinda ɗaya ko biyu ba sa ɗaukar rabonsu na aiki kamar 'yan'uwansu. Idan kuwa bugun ya daidaita amma injin gaba ɗayansa yana ɗagawa yana faɗuwa, to illar tana wurin abin da silinda shida suka yi tarayya a kansa: hanyar mai daga tanki, ko na'urar da ke ƙayyade gudu, ko wani nauyi da ke hawa kan inji yana sauka. Shin nozul guda da ya lalace zai iya sa silinda shida su riƙa hawa da sauka tare? Da wuya. To, me ya sa za a sayi nozul shida don maganin hawa da sauka? Wannan rarrabewa kaɗai, wadda ba ta bukatar komai sai kunne da ido da minti biyar na haƙuri, ta raba aikin gida biyu.

Na biyu: shaidar direba da shaidar salansa

Direba ne shaidan farko, kuma abin takaici shi ne ba kasafai ake tambayarsa ba, in ma an tambaye shi sai a yi da sigar zargi har ya ɓoye abin da ya sani. A tambaye shi cikin mutunci: malam, yaushe abin ya fara? A ina kuka sha mai na ƙarshe, a gidan mai ne ko a jarka bakin hanya? An taɓa wani abu a injin kwanan nan, ko da canjin filta ne? Da sanyin asuba ya fi yi, ko bayan inji ya ɗau zafi? Yana ƙaruwa idan mai ya yi ƙasa a tanki, ko idan mota ta tsaya a gangare? Ciwon da ya bayyana kwatsam bayan shan mai yana nuni ga mai. Wanda ya bayyana bayan gyara yana nuni ga hannun da ya yi gyaran. Wanda kuwa ya lallaɓo a hankali cikin watanni yana nuni ga tsufa da cinyewar ƙarfe.

Sa'an nan a dubi salansa. Farin hayaƙi mai yaji a ido, mai warin ɗanyen gas, alama ce ta man da ya shiga silinda bai ƙone ba, ko don matsi ya yi rauni, ko nozul yana ɗiga, ko lokacin fesawa ya yi jinkiri. Farin da ba ya yaji, ga kuma ruwan lagireto yana raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, wannan ruwa ne ke shiga silinda. Baƙin hayaƙi mai ne ya rinjayi iska. Shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Kada a bar wurin sai an zaro sandar baƙin mai an duba: idan ya ƙaru maimakon ya ragu, ya kuma tsinke yana warin gas, to akwai inda gas ke zurara cikinsa.

Na uku: hanyar mai

A nan zan daɗe, domin a nan ne mafi yawan hawa da sauka ke fakewa, a nan ne kuma gyara ya fi araha. Mai yana tashi daga tanki ta cikin bututun da ya nutsa kusa da gindinsa, ya bi ta matatar da ke raba shi da ruwa, ƙaramin famfo ya jawo shi ya tura shi ta filta ta biyu mai laushi, ya isa babban famfo ko injektoci, rarar da ba a yi amfani da ita ba ta koma tanki ta bututun dawowa. Abin lura, wanda yakan kuɓuce wa ma wasu manyanmu, shi ne cewa daga tanki zuwa ƙaramin famfo ana tsotsar mai ne, ba tura shi ake yi ba. Saboda haka idan akwai tsaguwa a tiyo, ko kilif ya saki, ko robar filta ta lanƙwashe, ko wata ƙaramar washar tagulla ta gaji, mai ba zai ɗigo waje ka gani ba, iska ce za ta shige ciki. Bakanike ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga ƙasa a bushe, ya rantse babu yoyo, alhali yoyon yana nan, fuskarsa ce ta juya ciki.

Me iska ke yi idan ta shiga? Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Idan kumfa ya isa famfo, bugun da ya kamata ya tura cikakken rabo sai ya ƙare a matse kumfa, mai ya ƙaranta, gudu ya faɗi, gwamna, wato na'urar da ke ƙayyade gudu, ya ji ya buɗe hanya don ya cike giɓi, a daidai nan kumfan ya wuce tsantsar mai ta iso, inji ya zabura, gwamna ya sake rufewa. Hawa da saukar ke nan. Irin wannan mota kuma galibi takan yi gardamar tashi da safe bayan ta kwana, domin man ya sulale ya koma tanki cikin dare.

Hujjar da ke yanke gardama tana da sauƙi, gani kuwa ya kori ji. A sami guntun tiyo garai-garai wanda ake ganin cikinsa, a haɗa shi a gaban ƙaramin famfo, a tayar da inji a zuba ido. Idan kumfa na wucewa, a riƙa matsar da tiyon baya, mahaɗa bayan mahaɗa, har a isa inda kumfa ya ƙare. Ɓarnar tana tsakanin wurin nan da na gabansa. Hanya ta biyu, wadda na fi so domin tana amsa tambayoyi uku a lokaci guda, ita ce a cika jarka mai tsabta da gas wanda aka amince da shi, a shayar da inji kai tsaye daga cikinta, a mai da bututun dawowa cikinta. Idan inji ya natsu, an wanke famfo da nozul daga tuhuma, laifi ya koma kan tanki, ko bututunsa, ko man da ke ciki. Nawa ne kuɗin jarkar gas idan aka gwada da kuɗin saitin famfo?

Sai dai akwai wani tarko da ya kamata a kiyaye. A injunan da kowane silinda yake da injektarsa da aka dasa cikin kan inji, irin su Detroit Series 60 da Caterpillar C15 da Volvo D12, man yana bi ne ta wani rami a cikin ƙarfen kan injin kansa. Idan mazaunin injekta ya saki, hayaƙin ƙonuwa daga silinda yakan kutsa cikin ramin nan ya zama kumfa. Alamarsa ita ce tiyon shiga garau yake, tiyon dawowa kuwa cike da kumfa. Wanda bai san wannan ba zai canza tiyo duka tun daga tanki, bai taɓa ciwon ba.

Bayan iska sai toshewa. Filta da ta cika, ko tsumma da leda da suka faɗa tanki suna liƙe bakin bututu su saki, ko tiyon da cikinsa ya ruɓe yana mannewa idan an tsotsa, ko ƙaramar kafar da tanki ke shaƙar iska da ita wadda laka ta toshe. Wannan ta ƙarshe ana gane ta idan an buɗe murfin tanki aka ji ya ja iska, inji kuma ya sami sauƙi nan take. Toshewa ta fi bayyana idan an ɗora lodi, iska kuwa a silo ta fi bayyana. Shawarata ita ce kada a jefar da tsohuwar filta sai an zazzage ta cikin kwalba, an kuma yanka ta an dubi cikinta: ruwa zai kwanta a ƙasan kwalba, baƙar yauƙi shaida ce ta ƙwayoyin halitta da ke hayayyafa a inda ruwa da gas suka haɗu a gindin tanki, ƙyalƙyalin ƙarfe kuwa mummunan labari ne, domin wani abu yana cinye kansa a cikin hanyar mai. A tuna kuma da ƙaramin bawul ɗin da ke bakin bututun dawowa, wanda aikinsa riƙe matsi a cikin famfo. Idan sifirin ɗinsa ya yi rauni, mai zai riƙa gudu ya koma tanki, a sami hawa da sauka da rashin ƙarfi, ga shi kuwa ɗan abu ne da bai fi yatsa ba.

Ina roƙon alhazai masu motoci su ba ni aron kunnensu a nan. Ratar da ke tsakanin sandar famfo da gidanta 'yan maikiron kaɗan ce, alhali kaurin gashin kai ya kai kimanin maikiron 70, kuma babu abin da ke shafa wa ƙarafan nan santsi sai shi gas ɗin kansa. Gas da aka gauraya da kananzir santsinsa ya ragu, wanda ya sha ruwa yana sa tsatsa. Don haka ribar da aka ci a jarkar bakin hanya, a wurin mai saiti za a mayar da ita, har da ƙari. Direban da aka ƙuntata masa a kuɗin mai, ina ake so ya sha in ba inda ya fi araha ba?

Na huɗu: silinda ɗaya bayan ɗaya

Idan hanyar mai ta kuɓuta, ciwon kuma rawa ce, sai a nemo silindan da ya gaza. A tsofaffin injuna masu dogon famfo, irin wanda kamfanin Bosch ya fara ƙerawa da yawa a 1927 kuma yake nan a motocinmu har yau, dabarar sananniya ce: inji yana silo, a sassauta noti na bututun nozul ɗaya, a saurara. Idan gudu ya faɗi, silindan yana aiki. Idan babu abin da ya canza, an kama mai laifi. Amma ina gargaɗi da babbar murya: wannan dabara haramun ce a kan injin zamani mai bututun tarayya, wanda injektoci duka ke sha daga gare shi. Tsohon nozul yana buɗewa a matsin da bai wuce bar 200 zuwa 300 ba, na zamani kuwa matsinsa yakan kai bar 2,000 ko fiye, alhali tayar tirela bar 7 zuwa 8 kawai take ɗauka. Siririn man da zai fito da irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shiga nama, raunin ya yi kama da tsinin allura, ƙarshensa kuwa yana iya kaiwa ga yanke yatsa ko hannu. Wanda abin ya same shi a garzaya da shi asibiti a take, kada a ce ai ɗan ƙarami ne. A irin waɗannan injuna da kwamfuta ake kashe silinda ɗaya bayan ɗaya, ko a auna zafin kowace ƙafa ta bututun hayaƙi da ma'aunin zafi mai haskawa daga nesa jim kaɗan bayan tayar da inji, wadda ta fi sanyi ita ce ta malalacin. Ko a tara man da kowace injekta ke mayarwa a kwalabe masu awo, wadda ta zarce 'yan'uwanta da yawa ta cinye.

To, an gano silinda na huɗu ne, misali. Shi ke nan nozul ne? Tukuna. An gano wuri ne, ba a gano sababi ba. A musanya nozul ɗinsa da na maƙwabcinsa inda hakan zai yiwu: idan ciwo ya bi nozul, hukunci ya tabbata a kansa, idan ya zauna a silinda na huɗu, to a buɗe murfi a auna ratar bawul, domin bawul da aka ɗaure fiye da kima ba ya rufuwa sosai, matsi ya tsere. A dubi kamshaf ko wani ƙullinsa ya cinye, sa'an nan a auna matsin silindan. Hayaƙi mai yawa da ke bugowa daga bututun numfashin gindin inji yana nuni ga ring, kumfa a lagireto yana nuni ga gaskit ko tsaguwar kai. Wanda kuma ya sa sabuwar injekta a injin kwamfuta ya tuna cewa da yawansu suna zuwa da lambar awo a jikinsu, wadda dole a shigar wa kwamfuta, in ba haka ba sabuwar ma za ta yi rawa.

Na biyar: mai ƙayyade gudu

Yanzu ne muka iso ga wanda aka saba tuhuma. Injin gas ba a shaƙe masa iska don a rage gudunsa, yawan mai kaɗai ke hukunta shi, shi ya sa ba ya iya zama a silo sai da gwamna. Asalin dabarar ya girmi injin gas, domin James Watt ya ɗora irinta a kan injin tururi a 1788, har masanin lissafi James Clerk Maxwell ya yi nazari a 1868 a kan dalilin da ke sa irin wannan na'ura ta riƙa wuce gona da iri tana komowa maimakon ta natsu. Kun ga ke nan ciwon da ke hana mu barci ya hana malaman Birtaniya barci tun kafin a haifi kakanninmu. A tsohon famfo, wasu ƙarafa masu nauyi ne ke juyawa suna buɗewa idan gudu ya ƙaru, sifirin yana mayar da su, su kuma suna ja da tura sandar da ke ƙayyade mai. Idan fil ɗinsu ya cinye ya sami lilo, ko sandar tana cijewa saboda datti ko ƙarancin baƙin mai, gyaran gwamna zai riƙa zuwa a makare kuma fiye da kima, sai ka ji hawa da sauka mai ƙa'ida, tazararsa iri ɗaya. A nan kam, bayan an kore sauran sababai, famfo ya cancanci zuwa benci wurin gwani, ba a ƙarƙashin bishiya da sukudireba ba.

Tun daga 1987, lokacin da kamfanin Detroit Diesel na Amurka ya fito da Series 60 wanda kwamfuta ke sarrafa mansa gaba ɗaya, aikin gwamna ya fara komawa hannun kwamfuta, ita kuwa ba ta gani ba ta ji sai ta bakin sansa. Idan sansar da ke ƙirga juyi a jikin filawil ta tara garin ƙarfe a bakinta, ko wayarta ta goge da jikin inji, ko sansar totur ta cinye a daidai inda ƙafar direba ta saba tsayawa, ko wayar da ke haɗa batir da jikin mota ta yi tsatsa, kwamfuta za ta sami labarin ƙarya ta yi hukunci a kansa. A karanta lambobin laifi da na'ura, waɗanda a tsarin J1939 suke zuwa biyu-biyu, SPN tana faɗin sashe, FMI tana faɗin irin illa. Amma a sani lambar tana cewa ne labarin da ke zuwa daga wuri kaza bai yi daidai ba, ba ta ce a sayi sabuwar sansa ba. A girgiza wayoyi da hannu inji yana silo a ga ko zai canza murya. A injin bututun tarayya a kalli lambobi biyu a na'ura, matsin da kwamfuta ta nema da wanda aka samu a haƙiƙa: idan na farko yana tsaye na biyu yana lilo, to bawul ɗin da ke auna wa babban famfo mai yana cijewa, ko mai bai isa gare shi ba, wanda ya sake mayar da mu ga fasali na uku.

Na shida: numfashi

Ƙurar hunturu ta ishe mu wa'azi a kan filtar iska, ba sai na tsawaita ba. Abin da ya kamata in ambata shi ne motocin da ake shigo da su na hannu daga Amurka da Turai. Dokokin hayaƙi na Amurka sun sa tun daga 2002 yawancin manyan injuna suna da bawul da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin silinda, wanda ake kira EGR. A 2007 aka ƙara matatar toka a salansa, a 2010 aka ƙara ruwan yuriya. Masu matatar tokar nan an ƙera su ne don gas mai ƙarancin farar wuta ƙwarai, kashi 15 cikin miliyan a Amurka, 10 a Turai. Idan baƙin toka ya danƙare bawul ɗin EGR ya cije a buɗe, inji zai riƙa shaƙar hayaƙinsa a silo, ya yi rawa, ya yi baƙin hayaƙi, wani lokaci ya mutu. Kuma irin wannan mota takan ɗaga gudunta da kanta don ta ƙona tokar da ta taru ko don ta ɗumama da sanyi, wannan kuwa aikinta ne, ba ciwo ba.

Na bakwai: abin da ba injin ba ne, da gargaɗi

Wani lokacin injin lafiyarsa lau. Robobin da yake zaune a kansu idan sun tsage, ko faifan da ke gaban karanshaf mai shanye girgiza idan ya mutu, motar za ta yi rawa alhali bugu daidai yake. Kwamfuresar birki kuma, idan akwai yoyon iska a tiyo ko a tankin iska, za ta riƙa kamawa tana saki a kai a kai, kowane kamu yana danne gudu. Haka fanka mai kama kanta da na'urar sanyaya ɗaki. A kalli allurar iska tare da allurar juyi, in suna motsi tare an sami amsa.

Gargaɗin kuwa shi ne: idan hawan ya zama ba ya saukowa, inji yana ta ƙara gudu da farin ko shuɗin hayaƙi mai kauri, an kashe makulli bai mutu ba, to ya fara shan baƙin mansa ne, galibi ta tabo (turbo) da ta lalace. Makulli ba zai tsayar da shi ba domin ba gas yake sha ba. Sai an toshe masa iska da katako ko faifan ƙarfe mai ƙwari a bakin bututun shiga, ba da tafin hannu ba, ba da tsumma ba, wanda kuma ba shi da abin toshewa a kusa ya ja jama'a su yi nisa. Saboda haka duk motar da ta zo da hawa da sauka tare da shuɗin hayaƙi, a cire tiyon da ke fitowa daga tabo a duba ko baƙin mai ya kwanta a ciki kafin a taka mata totur.

Mai girma shugaba, na ga an fara duban agogo, la'asar kuma ta gabato.  Na san a cikinku akwai waɗanda suka shekara suna kwance Mack da DAF da Howo tun kafin wasunmu su san sifana, ina kuwa fatan za su ƙara mana da abin da suka gani, musamman a kan fasali na uku da na biyar. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, ya faɗa mana irin motar da irin injinta kafin ya faɗi ciwon, domin amsa ta zo daidai. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a sana'a.